Shela a Ƙetaren Gada

A wurin Fargali mai shelar mutuwa, Minya gari ne da murya ɗaya take gama zagaye shi tsakanin hantsi da azahar, in dai jirgin ƙasa bai tare hanya ba. Haka ya gaji sana'ar a hannun mahaifinsa, wanda shi a ƙafa ya yi tasa, da tafin hannu a bayan kunne. Haka kuma yake gaya wa ɗansa na Alƙahira duk sanda ya matsa masa ya tattara ya koma wurinsu. Garin da mutum zai mutu da safe, kafin a kai shi kowa ya ji, a cewarsa, shi ne garin zama. Wanda bai kai haka ba ƙauye ne, tsegumi zai kashe ka tun kana raye. Wanda ya wuce haka kuwa, sai wari ya sanar da maƙwabta.

Ranar da Hajji Sabir tela ya rasu, Fargali ya isa ƙofar gidan a unguwar Abu Hilal tun ba a gama jera kujeru ba. Rabin gida ne. Ɗaya rabin ya zama dogon bene mai launin toka, wanda ya tsaya a gabas ya tare rana, har bangon Sabir ya yi gansakuka. Midhat, babban ɗan mamacin, mai kantin magani da kowa yake kira Dakta, shi ya fito da idanu jawur ya ba shi sunaye. Ya ambaci kansa da ƙannensa mata da mazajensu, da gidan kawunnansa, da wani ɗan baffan mamacin da ke Kuwait. Ya ce salla bayan azahar a masallacin Fuli, daga nan sai maƙabartar Zawiya. A nan ya tsaya.

Fargali ya jira. Leɓɓansa suna motsi, yana maimaita sunayen a ransa kamar yadda ya saba.

"Saura Ustaz Hilmi, Dakta."

"Na gama, Baba Fargali."

"Ƙanin mahaifinka ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Midhat ya ɗaga kai ya dubi benen da ke kansu. Ya ce mahaifinsa ya yi shekarunsa na ƙarshe yana ɗinki da fitila a kunne da rana tsaka, kuma a cikin wannan duhun ya cika. Ya ce wanda ya sayar da rabin gidan ubansa ya hau dutsen ƙetaren kogi, to ya zauna can a kan dutsen. Bai ɗaga murya ba, kuma bai sake duban Fargali ba. Aka kira shi daga ciki, ya shiga.

Sana'ar tana da doka ɗaya, mahaifin Fargali ya sha nanata ta: mai shela ba ya ƙari, ba ya ragi. Bakinsa aro ne, na masu gawa ne har a rufe kabari. Ranar da ya fara zaɓen wanda ya cancanci a ambata, ranar ce ya zama alƙali, kuma babu wanda zai sake damƙa masa gawarsa. Fargali ya yarda da wannan doka tun yana saurayi, bai taɓa jin nauyinta ba sai yau. Shi da Sabir da Hilmi tare suka koyi iyo a ƙoramar Ibrahimiya. Tare suke shiga jirgin fito ranar salla, tun ba a yi gada ba, suna riƙe wa iyayensu mata kwandunan burodi da dabino zuwa maƙabartar da ke ƙetare. Hilmi ne ƙaraminsu, shi ne matsoraci, kullum hannunsa yana cikin aljihun jallabiyar Sabir har jirgin ya taɓa gaɓa.

Girgis direba yana jiransa a bakin lungu cikin ƙaramar a-kori-kurarsa, lasifika ɗaure a kan rufi da igiyar shanya. Sun daɗe tare, ko gawar masallaci ce ko ta coci. Da ya ga fuskar Fargali bai yi tsokanar da ya saba ba, ya dai miƙa masa kofin shayi ya tayar da mota.

Fargali ya gyara murya ya fara. Ya yi salati, ya ce Hajji Sabir Abdul-Maula tela ya riga mu gidan gaskiya, mahaifin Dakta Midhat, surukin gidan wane da gidan wane. Da ya iso inda ake cewa ɗan'uwan wane, harshensa ya yi tuntuɓe, ya tsallake ya wuce.

Garin ya amsa kamar yadda yake amsawa kullum. Mahauci ya ajiye wuƙa ya ɗaga ɗan yatsa. Masu shan shayi a gaban shago suka miƙe da kofuna a hannu. Mata suka leƙo ta baranda suna tambayar wa ya rasu, alhali sun ji, don dai a sake faɗa musu su kaɗai. Wata tsohuwa ta zuro kwandon cefane da igiya daga baranda, ta ce a tsaya, mamacin ne ya ɗinka wa mijinta rigar aure. Wannan ne abin da Fargali ya kasa yi wa ɗansa bayani. Gari ne mai gidan gwamna da jami'a da kotu, ana iya sayen komai a cikinsa, amma har yanzu idan tela ya mutu mahauci yana ajiye wuƙa.

Kuma duk inda suka tsaya sai an lura. Mai matse ruwan rake a kasuwar Habashi ya sunkuyo ta taga ya ce bai ji sunan Hilmi ba. Fargali ya ce abin da aka ba shi ya faɗa, sannan ya tambaye shi ko yana ganin an sanar da Hilmi.

"Haba, Baba Fargali. Minya ce fa. Tun kafin gawa ta huce ya ji."

Haka wanzami ya ce. Haka wani tsohon abokin aikin Hilmi a ofishin ruwa ya ce, ya ƙara da cewa lambar wayar da yake da ita ta daɗe ba ta shiga, amma ai tabbas wani ya kira shi. Kowa ya tabbata wani ya faɗa. Fargali ya fara gane cewa wannan wanin babu shi.

Rana ta yi sama lokacin da suka fito titin bakin kogi. Sun gama kudu da tsakiyar gari. Saura unguwannin yamma da ke bayan layin dogo, inda kawunnan Midhat suke, da tsofaffin masu kawo wa Sabir ɗinki. A ɗaya hannun kuma ga gada, ta miƙe kan kogin Nilu zuwa gabas, can samanta ga farin dutse, a kansa ga benayen Sabuwar Minya suna ƙyalli. Motar shela ba ta taɓa hawa can ba. Babu wanda ya taɓa hana ta, babu dai wanda ya taɓa tunanin can ma Minya ce. Lokacin da ya rage ba zai isa wuri biyu ba.

Fargali ya ce wa Girgis ya tsaya a gefe. Ya zauna yana juya abin magana a hannu. Dakta bai ce kada a haye gada ba, gaskiya ne, amma Fargali ya san wannan dabarar lauyoyi ce, irin wadda yake raina mutum idan ya yi ta. Mutanen yamma su ma suna da haƙƙi, wurinsu aka aike shi. To amma su gobe za su zo zaman makoki a karɓe su da shayi. Hilmi ba shi da gobe. Idan aka rufe Sabir bai sani ba, an rufe ke nan. Daga ƙarshe ya samo wa kansa mafita: ba zai yi shela a can ba. Zai kashe lasifika, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya faɗa masa baki da baki, a matsayin abokin ƙuruciya. Bakin da aka ara yana cikin lasifika, wanda zai yi magana a ƙofa nasa ne.

"Girgis, hau gada."

Girgis ya dube shi ta gefen ido. "Fetur nawa ne, zunubin naka ne, Shehu. Kada ranar hisabi ka ce direba ne ya juya sitiyari."

Sama iska ta bambanta. Tituna masu faɗi, bishiyoyi a jere, babu kwata, babu amalanken jaki, babu wanda ya shanya kaya a kan hanya. Girgis ya zuƙi iska har ƙirjinsa ya cika, ya ce wallahi da zai samu ɗaki a nan da tarinsa ya warke, kuma da ya huta da surukarsa, don ƙafarta ba za ta iya wannan hawan ba. Fargali bai musa ba. Wurin yana da kyau, wannan ma yana cikin abin da ya ɓata masa rai.

Ya sauka a gaban bene na farko ya yi wa maigadi sallama. Ya ce yana neman gidan Hilmi ɗan Abdul-Maula, ƙanin Sabir tela na Abu Hilal, wanda ya yi aiki a ofishin ruwa. A gari wannan ya isa, har ya yi yawa, yaro ma zai kai ka. Maigadin ya tambaye shi unguwa ta nawa, gini na nawa. Fargali ya sake faɗin sunan a hankali, har ya haɗa da sunan kakansu. Maigadin ya ce shi daga wani ƙauye na kudu ya zo, masu gininsa ma da lambar ƙofa ya san su. Mai kanti ya ce masa haka. Wata mata mai tura keken jariri ta tsaya ta saurare shi da ladabi, ta ba shi haƙuri. Benayen kuwa duk kamarsu ɗaya, launi ɗaya, baranda ɗaya, layi bayan layi har inda yashi ya fara.

Fargali ya dawo mota ya zauna. Bai taɓa neman mutum da sunansa da na ubansa ya rasa shi ba. Mafitar da ya gina a bakin kogi ta rushe, abin da ya rage masa lasifika ce kawai, ita kuma sunayen Dakta kaɗai ta sani. Idan ya ƙara sunan Hilmi, ya ci amanar mai rai a gaban gawar ubansa. Idan bai ƙara ba, zai tsaya a ƙarƙashin tagar dattijo ya sanar da shi mutuwar yayansa, a numfashi ɗaya kuma ya sanar da shi an cire shi daga gidan. Idan ya yi shiru ya juya, ya tsira daga duka biyun, Hilmi ne kawai zai biya.

Ya kunna lasifika.

Muryarsa ta daki bangaye ta dawo masa. Babu wanda ya miƙe, don babu kowa a zaune a waje. Wata taga ta buɗe, aka dube su, aka rufe. Wani matashi ya fito baranda ya ce akwai masu barci, nan ba kasuwa ba ce. Girgis ya ci gaba da tuƙi a hankali, layi bayan layi, Fargali yana ambaton Dakta da ƙannensa da surukai da na Kuwait, yana tsallake gurbi ɗaya kowane zagaye. Suna cikin haka aka kira azahar daga wani masallaci sabo fil. Can ƙasa an kusa jera sahu a kan Sabir, shi kuma yana nan yana yi wa rufaffun tagogi magana.

Girgis ne ya hango shi ta madubi. Wani tsoho ne siriri a tsakiyar titi a bayansu, da jallabiyar zaman gida da silifas, yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da motar haya. Fargali bai gane shi ba sai da ya matso. Ya matsa masa wuri a kujerar gaba, suka matsu su uku, Girgis ya juya mota ba tare da an ce masa komai ba.

Sun fara gangara kafin Hilmi ya yi magana. Ya ce tun zagayen farko ya ji, ya ɗauka kunnensa ne, don ya sha jin muryar Fargali a nan alhali babu kowa. Sai ya ce a sake faɗa masa, ba da lasifika ba. Fargali ya faɗa, tun daga salati har Zawiya.

"Ka tsallake ni."

"An tsallake ka."

"Amma ka hau dutse."

"Na hau."

Hilmi ya gyaɗa kai. Bai zagi Midhat ba. Ya ce yaron yana da gaskiya, shi da kansa ya taɓa zuwa bakin lungun ya ga yadda benen ya zauna a kan gidan, ya kasa ƙarasawa. Wanda ya saya ya rantse masa hawa biyu zai yi. Ya ce likita ne ya ce ƙirjin matarsa Nawal ba zai jure damshin Abu Hilal ba, sai an kai ta inda iska ta bushe, shi kuma ba shi da abin sayarwa sai rabin gidan. Kuma iskar ta yi mata amfani, ta samu shekaru masu kyau, tana shuka na'ana'a a baranda.

Fargali ya tambayi lafiyarta.

"Ta rasu bara, lokacin sanyi."

Hilmi ya ce waɗanda suka yi mata salla ba su cika sahu ɗaya ba, rabinsu ma masu aikin gini ne da suka shigo sallar la'asar. Ya yi tunanin aika wa Fargali, sai ya rasa sunayen da zai ba shi.

Fargali ya dubi kogi ta taga. Nawal 'yar mai gasa burodi ta bayan tasha, wadda ya ci tuwon bikinta, ta mutu a Minya, an wanke ta an binne, hunturu ya wuce bazara ta zo, shi bai sani ba. Duk wannan lokacin yana gaya wa ɗansa a waya cewa a garinsu mutum ba ya mutuwa a ɓoye.

Ba su koma kan gada ba, suka bi gaɓar gabas zuwa kudu. Maƙabartar Zawiya ta bayyana a gindin dutse, ƙubbobin laka birjik har iya ganin ido. Motocin rakiya sun riga su isa. Mota ba ta shiga tsakanin ƙubbobin, a kafaɗa ake ƙarasawa, kuma a wannan tafiyar makara ba ta da mai ita. Duk wanda ya zo zai sa kafaɗa ya ɗan taka, wani ya karɓe shi. Ko baƙo ne mai wucewa ba a tambayarsa daga ina, ba a kuma ture shi.

Hilmi ya sauka. Ya bi bayan mutane, silifas ɗinsa suna cika da ƙura, ya kutsa a hankali har ya kai. Wani ya zame, ya shiga gurbinsa ta gaba, daura da Midhat. Ya fi kowa gajarta, makarar ta karkata. Midhat ya waiwayo. Fargali yana nesa, bai ga fuskarsa ba. Abin da ya gani shi ne makarar ta daidaita, kuma an yi tafiya mai ɗan tsawo babu wanda ya zo karɓar wannan gurbin.

Bayan an rufe, dangi suka jeru a bakin hanya don karɓar gaisuwa. Hilmi ya tsaya yana kallon layin, sannan ya shiga cikin masu gaisuwa. Da ya iso, ya miƙa hannu ya ce Allah ya ji ƙansa. Midhat ya karɓa, ya mayar masa da amsar da yake mayar wa kowa. Na bayansa ya matso.

Da Fargali ya iso, Midhat bai saki hannunsa da wuri ba. Ya ce kawunnansa na yamma ba su samu salla ba, sai a waya suka ji, a makare.

"Ban kai can ba, Dakta. Laifina ne."

"Ka ƙara wani abu a kan abin da na ba ka?"

"Ko harafi."

Midhat ya dube shi, ya dubi inda baffansa yake tsaye shi kaɗai a inuwar wata ƙubba, ya saki hannun.

A hanyar komawa, da suka iso mararrabar da ke hawa dutse, Hilmi ya ce kada a hau tukuna, a haye da shi gari, yana son ya zauna a bakin kogi ya sha ruwan rake, zai nemi mota da yamma. Suna tsakiyar gada, gari ya buɗe a gabansu, hasumiyoyin masallatai da na coci, jirage a ɗaure, hayaƙin masu gasa masara. Hilmi ya dafa gwiwar Fargali.

"Ranar tawa, kada ka wahalar da kanka a can sama. Babu mai buɗe taga. Ka sauko nan, ka fara daga Abu Hilal."

Fargali ya ce masu gawa ne suke ba da sunaye, haka aka saba.

"To ga shi ina ba ka. Ƙanin marigayi Hajji Sabir tela. Baffan Dakta Midhat. Ka sa shi a farko, ko ya zo ko bai zo ba."

Ya ci gaba da jerowa, 'ya'yan Sabir mata da mazajensu, gidan mai burodi na bayan tasha, har da na Kuwait. Girgis ya buɗe baki zai yi wasa, ya fasa. Mahaifin Fargali bai taɓa gaya masa abin da ake yi ba idan mamaci ne da kansa ya ba da sunaye, ko wa zai hau dutse ya gano cewa ranar ta zo. Lasifika tana kashe a kan rufi, igiyar shanya tana kaɗawa a iska. Leɓɓan Fargali suka fara motsi.